Yadda ake renon rogo a kwalba don gyara iri, tun daga yankan toho har fita gona

Duk wanda ya taɓa noman rogo ya san ba ƙwaya ake zubawa a rami kamar gero ko masara ba, karan ake sassarawa a dasa, toh daga nan wahalar masu gyaran irin rogo ta samo asali. Gindi ɗaya idan ya shekara a gona abinda zai baka bai wuce yanka goma na dashe ba, sannan duk cutar da ke jikin uwar tana biyo karan zuwa sabuwar gona, musamman wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, malamai suna ce mata CMD. Ga shi kuma rogo baya son fure, wani irin sai ya shekara bai yi ba, wanda ya yi ma furen mace yana riga na namiji buɗewa da kwana 10 zuwa 14 a reshe ɗaya, kuma ɗan da zai haifa baya wuce ƙwaya 3 a ciki. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma idan ka samu iri mai kyau yau kafin ya wadaci manoma ta hanyar kara kaɗai sai an yi shekaru ana jira. Shi yasa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike a jihar Abiya da cibiyar binciken noma ta CIAT can Kolombiya duk suka rungumi kwalba, abinda ake kira tishu kalca.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka tun yanzu, kwalba da kanta bata mayar da mummunan iri mai kyau. Aikinta ta wanke iri daga cuta, ta ninka shi da sauri, sannan ta buɗe maka hanyar da zaka taɓa ƙwayoyin gadonsa. Wani lokacin ma ita ce take ɓata maka irin, zan zo kan wannan.

Kayan aiki

Kana buƙatar ɗaki mai rufuwa wanda ƙura bata shiga, da teburin nan mai huro tataccen iska da muke ce wa lamina, da otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafi, idan babu shi tukunyar firesha babba ta girki tana yin aikin indai tana kai digiri 121. Sai madubin ƙara girma mai ido biyu, da hantsaki, da askar tiyata mai lamba 11, fitilar sifirit, kwalaben gwaji ko ma kwalaben jam da aka wanke tas, ma'aunin tsami wato pH da sikeli mai auna miligiram. Ɗakin reno kuma a riƙe shi tsakanin digiri 26 da 28, haske awa 16 duhu awa 8. Maganar wuta kar ka ɗauke ta da wasa, a wani lab da na taɓa aiki an ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma janareta kuma ba mai, a tsakiyar bazara, da muka dawo Litinin ɗakin ya zama kamar tanda, tsirran sun yi laushi sun kwanta a gindin kwalba, aikin wata huɗu ya tafi a kwana biyu. Idan baka da sola ko inbata da zata riƙe na'urar sanyaya ɗakin toh ka fara neman wannan kafin ka sayi sinadari ko ɗaya.

Mataki na 1, haɗa abincin kwalba

Tushen abincin shi ne garin MS, sunan ya fito daga Murashige da Skoog waɗanda suka haɗa shi a 1962, yanzu a gwangwani ake sayar da shi a haɗe. A lita ɗaya zaka auna giram 4.4 na garin, da giram 20 na suga, ka narka a tataccen ruwa kamar mililita 800. Idan na tayar da ƙwayar toho ne, wadda za'a yanko a mataki na 4, sai a ƙara homon, wato sinadaran da ke sa tsiro girma, guda uku ɗan mitsi-mitsi, haɗin da CIAT suka daɗe suna amfani da shi shi ne BAP miligiram 0.04, GA3 miligiram 0.05, NAA miligiram 0.02 duk a lita ɗaya. Babu sikelin da zai auna maka 0.04 daidai, dabarar ita ce ka auna miligiram 10 na BAP ka narka shi da ɗigo biyu-uku na NaOH ka cika da ruwa zuwa mililita 100, kaga kowane mililita yana ɗauke da 0.1 kenan, sai ka zuƙi mililita 0.4 ka zuba, ragowar ka sa a firij. Ka cika ruwan ya kai lita, ka daidaita pH ya tsaya 5.7 zuwa 5.8 kafin ka zuba aga, garin da ke daskarar da abincin, giram 7 zuwa 8. Idan pH ya yi ƙasa sosai abincin bazai daskare ba zai tsaya kamar koko. Ka dafa aga ya narke, ka rarraba a kwalabe, ka rufe, sai otokilef digiri 121 minti 15 zuwa 20. Ni dai ina barin kwalaben su kwana uku kafin in yi amfani da su, duk wadda bata dahu da kyau ba zata tona asirin kanta.

Mataki na 2, shirya uwa

Kar ka je gona ka tsinko toho ka kawo lab kai tsaye, ƙura da fumfuna da ke jikinsa sun fi ƙarfin bilicinka. Ka zaɓi gindin da ka tabbatar da sunansa, ka yanka karan santimita 20 zuwa 25, ka dasa a tukunya a ɗakin raga, ban ruwa a gindi kawai kar ruwa ya taɓa ganye. Idan wanke cuta kake so sai ka sa tukwanen a akwatin zafi, digiri 40 da rana 35 da dare, wajen sati uku. Zafin yana rage wa bairos saurin hayayyafa, toho kuma ya yi ta gudu ya bar shi a baya.

Mataki na 3, wanka

Ka yanko kan toho kamar santimita 2, ka cire manyan ganyen, ka wanke da ruwan famfo da ɗan sabulun ruwa. Daga nan komai a cikin lamina ake yi. Ka tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 kamar minti ɗaya, sai bilic, irin su Jik da ke da kashi 3.5 ka haɗa ma'auni ɗaya da ma'auni uku na ruwa da ɗigon sabulun lab mai suna Tween 20, minti 10 kana girgizawa, sai ɗauraya sau uku ko huɗu da ruwan da aka dafa a otokilef. Idan ka ga tohon ya yi fari fat ka ƙona shi, a rage lokaci a zagaye na gaba, idan kuma bayan kwana biyar kwalabe sun cika da fumfuna a ƙara. Kowane iri da nasa jurewa, sai ka gwada.

Mataki na 4, yankan ƙwayar toho

Nan ne hannu ke rawa. Ka ɗora tohon a ƙarƙashin madubi, ka riƙe gindinsa da hantsaki, da bakin aska kana ɓare ƙananan ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare albasa, suna ƙara ƙanƙanta suna ƙara haske, har ka iso wani ɗan ƙululu mai sheƙi kamar ɗigon ruwa, shi ne meristem. Zaka yanke shi da ɗan kunnen ganye ɗaya ko biyu, girmansa bai wuce rabin milimita ba, ka ɗora a kan abincin a tsaye. Dalilin wannan wahalar shi ne jijiyoyin da bairos ke bi basu riga sun kai wurin ba. Idan ka yanka babba zai rayu da sauƙi amma da cutarsa, idan ka yanka ƙarami ainun zai fita tsaf amma yawanci ya mutu, tsakanin nan ake nema. Ka yi sauri don iskar lamina tana busar da shi cikin daƙiƙoƙi, kuma rogo yana fitar da farin ƙaro da ke dusashe maka gani, ka riƙa goge askar kana ƙona ta a wuta, ka bari ta huce kafin ta sake taɓa tsiro. Banda surutu a kan buɗaɗɗiyar kwalba, banda ɗaga waya.

Cikin wata biyu zuwa uku zaka ga ɗan tsiro da ganye da saiwa. Kar ka yarda da ido, ganye mai kyau baya nufin babu cuta, a ɗebi ganye daga kowane layi a yi masa gwajin PCR, wato gwajin lab mai gano ƙwayar gadon da ake nema a jikin tsiro, wanda ya fito da bairos a jefar ba tausayi.

Mataki na 5, ninkawa

Wannan mai sauƙi ne. Tsiron da ya kai sati 5 ko 6 zaka fito da shi ka yayyanka gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da idonta ɗaya, ka soka a sabon abincin MS, ko babu homon rogo yana yin saiwa da kansa. Idan kowane tsiro ya baka gaɓa 4, a zagaye 6 lissafin takarda ya kai 4,096 daga tsiro ɗaya, a zahiri baya kaiwa saboda wasu zasu lalace, amma ka kwatanta da goma a shekara. Fumfuna tana fitowa kamar auduga, bakteriya kuma kamar majina a gindin tsiron, wata ma a cikin jikin rogon take ɓoye sai zagaye na uku ta bayyana. Duk kwalbar da ta kamu kar ka buɗe ta a ɗakin, otokilef zata tafi a rufe. Sai lakabi, dan Allah ka rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalba ba a murfi ba, kuma da abinda sifirit baya gogewa, na taɓa fesa sifirit a kan tire guda rubutun ya narke gaba ɗaya, iri uku suka cakuɗe, ba yadda za'a yi ka bambance su a kwalba, dole muka zubar.

Mataki na 6, inda gyaran iri yake farawa

Hanya mafi sauƙi kuma wadda bata buƙatar izinin kowa ita ce ceton ɗan tayi. Ka yi barbara da hannu tsakanin iri biyu, ka ɗaure furen da ƴar jaka, wajen kwana 40 ka tsinko ɗan tun yana ɗanye, ka wanke shi da bilic a dunƙule, ka fasa a lamina ka zaro ɗan tayin daga ƙwayar ka ɗora a abincin MS da aka rage wa ƙarfi. Amfaninsa ƙwayar rogo tana da taurin kai wajen tsirowa, wasu kuma suna zubewa kafin su nuna, musamman idan da dangin rogo na daji aka haɗa. Kowane ɗan tayi sabon iri ne, kuma tunda yana kwalba zaka iya ninka shi ka gwada a wurare da yawa a shekara ɗaya. Rogon nan mai ruwan ɗorawa mai bitamin A da aka fitar a Najeriya a 2011 ta hanyar barbara aka same shi, ba'a sa masa baƙuwar ƙwayar gado ba, mutane da yawa suna rikita wannan.

Akwai masu haska tsiro da hasken gamma don a samu sauyi, Gana ta fitar da iri mai suna Tekbankye a 1997 ta wannan hanyar, akwai kuma masu jiƙa idon gaɓa a sinadarin kolcisin don kuromosom ɗin rogo ya ninka daga 36 zuwa 72. Kolcisin guba ne, sai da safar hannu. Duka biyun caca ne, ka yi dubu ka zaɓi ɗaya.

Mataki na 7, samar da FEC

Idan kuma so kake ka shigar da wata ƙwayar gado ko ka gyara wadda ke ciki da CRISPR, wato dabarar yanka da gyara ƙwayar gado, toh sai ka samu ƙwayoyin da kowace ɗaya zata iya zama cikakken rogo, nan ne ake yin kalos, wato dunƙulen ƙwayoyin tsiro da basu zama ganye ko saiwa ba, mai marmashi da ake kira FEC, wanda Nigel Taylor da abokan aikinsa suka fito da shi a 1996. Daga tsirranka na kwalba zaka ciro jariran ganyen da basu buɗe ba, milimita 2 zuwa 6, ko kuma ka kwantar da gaɓoɓi a MS mai BAP miligiram 10 a lita na ƴan kwanaki idon ya kumbura ka ciro shi. Ka ɗora su a MS mai homon ɗin pikloram miligiram 12 a lita, a duhu, digiri 28. Bayan sati uku zuwa huɗu zaka ga abu iri biyu, wani fari mai ruwa-ruwa kamar jiƙaƙƙen burodi wannan shara ne, wani kuma mai santsi mai ƙyalli dunƙule-dunƙule, shi ake nema. Ka tsince shi da bakin allura a ƙarƙashin madubi, ka daddatsa, ka mayar kan wani abincin da ake kira GD shi ma da pikloram 12, kana canza masa sabo duk sati uku. A zagaye na biyu ko na uku wasu ƴan ƙwayoyi masu launin ɗorawa-ɗorawa zasu fara fitowa a gefe, idan ka taɓa su suna wargajewa kamar jiƙaƙƙen garin kwaki, wannan shi ne FEC. Aikin tsincewa ne kawai, duk zagaye ka ɗebi mai kyau ka bar sauran, idan ka yi kasala farin kalos ya rufe shi.

Ba kowane iri ne yake yarda ba. Wanda ya fi kowa sauƙin kai shi ne 60444, tsohon irin Najeriya ne, shi yasa lab-lab na duniya suke koyo da shi, sai dai CMD tana kama shi sosai, manomi bazai so shi ba. Irin da manoma suke so kuma sai ka yi wata da watanni kana lallashi. Idan kana koyo ka fara da 60444 hannunka ya faɗa tukuna. Kuma kar ka riƙe FEC ya wuce kamar wata shida, idan ya tsufa tsirran da zai haifa suna fitowa a karkace ko ma ya ƙi haihuwa.

Mataki na 8, shigar da ƙwayar gado

Ɗan aiken shi ne wata bakteriyar ƙasa, Agrobacterium, wadda dama can ɗabi'arta ce cusa DNA ɗinta a jikin tsiro, an fi amfani da nau'in LBA4404 a rogo. A rene ta a ruwa, a wanke, a sa mata asetosiringon maikuromola 200 don ya tayar mata da ƙaimi, a ɗiga a kan FEC, a barsu tare kwana 3 zuwa 4 a wuri mai ɗan sanyi digiri 22 zuwa 24. Daga nan a wanke FEC da ruwan GD mai maganin kashe bakteriya na kabenisilin har ruwan ya fito garau, idan ba haka ba bakteriyar zata mamaye faranti ta kashe komai. A shimfiɗa shi siriri a kan ƴar raga ta nailan don ɗagawa daga faranti zuwa faranti ya yi sauƙi, a barshi ya huta ƴan kwanaki, sai a fara tankaɗe da haiguromaisin ana ƙara ƙarfi duk sati, 5 sai 8 sai 15 miligiram a lita. Waɗanda basu karɓi saƙon ba zasu yi ruwan ƙasa su mutu, tsirarun da suka karɓa su ci gaba. Ka tuna waɗannan magungunan ba'a sa su a otokilef, ta matata mai ƙofa maikuromita 0.22 ake tace su a zuba bayan abincin ya huce ya kai yadda zaka iya riƙe kwalbar a hannu.

Masu rai a mayar da su MS mai NAA miligiram 1 a lita cikin haske, zasu fito da koren kunnuwa biyu, a ɗauke su zuwa MS mai BAP 0.4 su yi toho, sai abincin saiwa. A tabbatar da PCR. Daga ranar haɗa su da bakteriya zuwa tsiro mai saiwa ka sa ran wata huɗu zuwa shida idan komai ya tafi daidai. Wannan matakin a Najeriya baka isa ka fara shi ba sai da izinin hukumar NBMA mai kula da harkar sauya ƙwayar gado da aka kafa a 2015, dokar ta haɗa har da gyaran CRISPR tun gyaran da aka yi mata a 2019, gwaji a gona ma sai a killataccen fili da takardar izini daban.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Masana na cibiyar Danforth a Amurka sun ɗauki TME 204, irin da manoman Yuganda ke so wanda CMD bata kama shi, suka sa masa kariya daga cutar ruɓewar saiwa ta gabashin Afirka wato CBSD. Kariyar ta yi aiki, amma da aka kai gona sai ga CMD ta rufe tsirran, suka bincika suka gano ko waɗanda ba'a sa musu komai ba, indai sun bi ta hanyar kalos irin ta mataki na 7, sun rasa kariyar da suka gada, aka wallafa wannan a 2016, daga baya ma aka ga a wasu tsirran har yankan meristem yana jawo hakan. Dole aka koma barbara da irin da ke da kariyar don a dawo da ita, Kenya ta amince da wannan rogon a 2021. Don haka duk abinda ya fito daga kwalba ka sake gwada shi a kan duk halin da ka san uwarsa da shi, har wanda baka taɓa ba.

Mataki na 9, fitarwa

Tsiron kwalba ɗan gata ne, bai san iska ba bai san rana ba, ganyensa baya iya riƙe ruwa. Ka zaro shi a hankali don saiwar rogo tana karyewa da wuri, ka wanke agan tas a ruwa saboda sugan da ya maƙale shi ke kiran fumfuna, ka dasa a ƙaramin kofi mai ƙasar da aka turara, yashi da ɓawon kwakwa ko fit, wato ruɓaɓɓen ciyayi mai laushi da ake dashe a ciki, ka kifa masa farar leda ko kofin roba a inuwa. Bayan sati ɗaya ka huda ledar, kana ƙara hujin kullum, a sati na biyu zuwa na uku ka cire gaba ɗaya. Mu nan arewa kar ka kuskura ka yi wannan a tsakiyar hunturu ba tare da ka jiƙa ƙasan ɗakin ragar ba, busasshiyar iskar nan zata mayar maka da su kamar kuka cikin yini ɗaya. IITA sun kawo wata dabara daga Ajantina mai suna SAH inda ake dasa ƴan gaɓoɓin a akwatin roba mai haske da fit a ciki ana ba su ruwan taki, duk sati biyu zuwa uku a sake yanka, tsirran suna fitowa da ƙwari fiye da na aga kuma asara wajen fitarwa ta ragu sosai.

Bayan sati 4 zuwa 6 sai gona, tazarar mita ɗaya-ɗaya, ka dasa uwar asali a gefe don kwatance. Saiwar shekarar farko kar ka yanke hukunci da ita, tsiron kwalba yakan yi saiwa a murɗe ko sirara, karansa zaka sara ka sake dasawa, a girbi na biyu ne zaka auna nauyi da yawan gari da ɗaci, ka kuma dafa ka ba masu tuyar garin kwaki da masu alabo su taɓa su faɗa maka ko zai shiga kasuwa.